Hoton Da Ba Shi Da Kwafi: Me Ya Sa Wasu Ke Komawa Ga Dabarar 1851?

Buɗe wayarka ka leƙa ma'ajiyar hotuna. Nawa ne a ciki? Wani zai ce dubu biyu, wata ta ce ita kam sai da ta goge na bikin ƙawarta kafin wayar ta yarda ta karɓi na sallah. To a cikinsu duka, wanne ne ka zauna ka natsu dominsa? Yawanci ƙyas-ƙyas ne sau goma a tsayuwa ɗaya, a zaɓi guda, a shafa masa filta, a tura. Sauran tara kuwa ko mai su ba ya sake waiwayarsu.

A daidai wannan zamani akwai masu ɗaukar hoto a Amurka da Turai da Niyu Zilan da suka jingine kyamarar zamani, suka koma wa wata dabara da aka fito da ita tun 1851. Hoto ɗaya kan ci musu wajen rabin awa, yatsunsu su yi baƙi kamar sun sha lalle, ɗakin ya ɗauki warin asibiti. Amma mutane na biyan kuɗi su zauna a gabansu, har da taurarin fina-finai. Da jin haka za ka ce iyayi ne irin na waɗanda suka ƙoshi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, zan kuma zo kansa. Sai dai in ka bi aikin wasu daga cikinsu, za ka tarar ba marmarin tsohon yayi ya kai su ba. Tambaya ce suke bi wadda ta shafe ka kai da ke riƙe da waya: idan aka ɗauki fuskarka, ta wa ta zama?

Yadda ake yin sa

Sunan dabarar kolodiyon, wasu kuma su ce hoton jiƙaƙƙen faranti. Wani Baturen Ingila mai suna Frederick Scott Archer ne ya bayyana ta a 1851, shekara 12 bayan Louis Daguerre ya fito da tasa a Faransa. Archer bai yi mata rajistar mallaka ba, ya bar wa kowa kyauta, ya kuma mutu cikin talauci a 1857.

Shi kolodiyon ruwa ne mai yauƙi da danƙo. Auduga ce da aka sarrafa da asid, aka narkar da ita a cikin eta da sifirit, aka ƙara mata gishirin ayodin da makamantansa. Mai hoto zai ɗora faranti a kan yatsunsa, na gilas ko na baƙin ƙarfe, ko da yake yanzu an fi amfani da alminiyom mai baƙin fenti. Sai ya tsiyaya ruwan a tsakiya, ya riƙa karkata farantin har ya bi kusurwa huɗu, ya mai da ragowar cikin kwalba. A nan ake gane gwani. Hannu ya ɗan yi rawa, layin zai zauna a hoton har abada.

Daga nan sai ɗakin duhu. A tsoma farantin cikin ruwan sinadarin azurfa na kimanin minti uku, a nan ne yake zama mai jin haske. A saka shi a mazubi, a kai wa kyamara, irin mai ƙafa uku da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle. A cire murfin gilashin gaba, a ƙirga daƙiƙu, a rufe. A koma ɗakin duhu da sauri, a kwara masa ruwan gishirin ƙarfe, a tsayar da shi da ruwa. Duk wannan dole a gama kafin farantin ya bushe, wato cikin minti 10 zuwa 15. Ya bushe, an yi asara. Shi ya sa masu hoton farko ke jan ɗakin duhunsu duk inda za su. Roger Fenton da keken doki ya tafi da nasa yaƙin Kirimiya a 1855.

Mataki na gaba shi ne wanda ake kiran mai zama ya zo ya gani da idonsa, don ana yin sa a cikin haske. Farantin yana fitowa da wata irin siffa fari-fari, baibai, kamar aljani. Ana tsoma shi a ruwan da ke kafe hoto sai farin ya soma washewa kamar hazo, fuska ta taso a hankali. Sai a wanke, a busar a kan harshen fitila, a shafe da ƙaron wata bishiya ta Arewacin Afirka da aka haɗa da man lafanda, don kada azurfar ta dafe. In a gilas aka yi aka sa masa baƙi a baya, sunansa ambirotayif. In a ƙarfe ne, tintayif. Na ƙarfen, saboda arha da rashin fashewa, shi sojojin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 suka riƙa aika wa iyayensu a ambulan.

Masu karatun hoto sun san ma'aunin ISO, wanda ke nuna saurin jin haske. Fim ɗin da ake ɗauka mai nawa ne yana kan 100. Jiƙaƙƙen faranti da ƙyar yake kai 1. Ma'ana, in ba da fitilu masu tsananin ƙarfi ba, sai ka zauna daƙiƙa biyar, goma, ko fiye, ba motsi. A da har wani ƙarfe ake kafawa a bayan ƙeya ya tallafi kai. Gwada yanzu: yi murmushin salfi ka riƙe shi, ka ƙirga goma a hankali. Ka ji yadda kumatu suka soma rawa? Fuskar da ka tanada don kyamara ba ta jure wannan zama. Sai ta sauka, a bar ka da wadda kake yawo da ita in ba kowa na kallo.

A watan Janairun 2014, Victoria Will ta kai irin wannan kaya bikin fina-finai na Sundance a Amurka, ta ɗauki taurari a kan faranti. Cikinsu har da Philip Seymour Hoffman, wanda ya rasu ranar 2 ga Fabrairu, 'yan makonni bayan zaman. Hoton ya zaga duniya, mutane suka yi ta cewa kyamarar ta hango abin da ke tafe. Ni dai ban sayi wannan ba. Faranti ba boka ba ne. Kowa ya zauna gabansa haka zai fito, kamar wanda ya kwana uku bai runtsa ba, kuma dalilin na cikin sinadarin.

Idon da ba ya ganin ja

Kolodiyon ba ya gani kamar idon mutum. Shuɗin haske yake ji, da wani haske da ke gaba da shuɗi wanda mu ba ma gani sam. Ja da rawaya kuwa kusan makaho ne a kansu. Saboda haka shuɗi yakan fito fari-fari, ja ya fito baƙi. Ka zauna da jar dara da shuɗiyar shadda, za ka ga kanka da baƙar hula da riga mai haske. Ke kuma 'yar uwa, jan lallen hannunki zai koma kamar an zana shi da tawada. Fata takan ƙara duhu, duk wani tabo da ƙyasbi da rana ta bari ya fito ɓaro-ɓaro. In ka lura, kishiyar filtar wayarka ke nan, wadda ba ta tambaye ka ba take ƙara maka haske ta goge maka ƙuraje.

Kada ka yi saurin cewa to ai faranti shi ke faɗin gaskiya, waya ke ƙarya. Duka biyun suna da son zuciya, kowanne da inda ya karkata. Wani mai hoto ɗan Niyu Zilan, Michael Bradley, ya nuna haka ƙarara a aikinsa mai suna Puaki, wanda aka baje a 2018. 'Yan ƙabilar Mawori suna da zanen fuska na gado da suke kira ta moko, wanda ke ɗauke da asalin mutum da zuriyarsa da matsayinsa. Duk wanda ya tashi inda ake gane Bagobiri ko Babarbare da tsagarsa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bradley ya ɗauki kowane mutum sau biyu, ɗaya da kyamarar zamani, ɗaya da jiƙaƙƙen faranti, ya jera su kafaɗa da kafaɗa. A na zamani ga zanen nan raɗau. A na farantin kusan babu shi: launin tawadar mai shuɗi-shuɗi da launin fatar sun zo ɗaya a idon sinadarin, zanen ya ɓace. Mutum na zaune da tarihin gidansu a fuska, kyamara ta share ba tare da kowa ya ba ta umarni ba.

A ajinmu na aikin jarida kullum ana nanata mana cewa hoto shaida ne. Haka ne, amma shaida ma ana tambayarsa ko idonsa lafiya. Faranti mai ganin dukkan launuka bai shiga kasuwa ba sai 1906. Ke nan hotunan da aka ɗauka a ƙasar nan a shekarun da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da abin da ba ya ganin ja aka ɗauke su. Jar rigar dogari baƙa za ta fito. Fuskokin da kake gani a littafin tarihi sun yi duhu sun yamutse, ba lallai haka masu su suke ba.

Guda ɗaya tak

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tintayif ba shi da nagetif, balle a wanko goma daga gare shi. Farantin da ke hannunka shi ne ainihin wanda ya kasance cikin kyamara, a ɗaki ɗaya da kai, hasken da ya taɓa fuskarka shi ya taɓa shi. Har juyawa yake kamar madubi, dama ta koma hagu. Tunda kuwa guda ne, dole a ƙarshen zama mutum ɗaya ya tafi da shi gida. Ko mai kyamara, ko mai fuska.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a tarihin hoto. A 1850 wani masanin kimiyya na jami'ar Harvard, Louis Agassiz, ya sa aka ɗauki wasu bayi a jihar Karolina ta Kudu da dabarar Daguerre, wadda ita ma faranti ɗaya take bayarwa. An tuɓe su, an ɗauke su ta gaba da ta gefe, don ya kafa hujja da su cewa baƙar fata ba tsatso ɗaya suka fito da farare ba. Cikinsu akwai wani dattijo, Renty, da 'yarsa Delia. Ba wanda ya nemi yardarsu, bawa ai ba a tambayarsa. Farantan suka ɓace a ma'ajiyar gidan tarihin jami'ar har 1976. A 2019 wata mata, Tamara Lanier, wadda ta ce Renty kakan kakanninta ne, ta kai jami'ar kotu tana neman a ba ta su. Sai a watan Mayun 2025 aka daidaita cewa za a miƙa su ga wani gidan tarihin baƙaƙen Amurka da ke Charleston, a jihar da aka ɗauke su. Shekara 175 ke nan ana riƙe da fuskar mutum ba da izininsa ba.

Shi kuwa Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta ya zama babban mai yaƙi da ita, ya gane ƙarfin abin tun da wuri. Ya zauna gaban kyamara kimanin sau 160, fiye da duk wani Ba'amurke na ƙarni na 19, kullum cikin shiga ta mutunci. Shi ya zaɓi yadda za a gan shi.

Wanda aikinsa ya fi kama ni a cikin masu farfaɗo da faranti a yau shi ne Will Wilson, ɗan ƙabilar Dine, wadda aka fi sani da Nabaho, cikin 'yan asalin Amurka. Don ka fahimce shi sai ka san Edward Curtis. Curtis Bature ne da attajiri J. P. Morgan ya ɗauki nauyinsa, ya shafe shekaru yana zaga ƙabilun 'yan asalin ƙasar, ya fitar da kundi 20 tsakanin 1907 da 1930. Hotunan suna da kyau, ba musu. Amma Curtis ya tafi ne da tunanin cewa mutanen nan ƙarewa suke yi, don haka abin da ya shafi zamani ba ya son ganinsa a jikinsu. Akwai sanannen hotonsa na wasu mutum biyu zaune cikin tanti da agogon tebur a tsakaninsu. Kafin a buga shi sai da aka goge agogon. Har yau in aka ce ɗan asalin Amurka, hoton Curtis ne ke faɗo wa mutane da yawa a rai: gashin tsuntsu a ka, ido a nesa, mutumin jiya.

A 2012 Wilson ya soma nasa martanin a jihar Niyu Meziko, ya kuma ɗauko dabarar da ta girmi ta Curtis ma. Yana kafa situdiyonsa a gidajen tarihi da wuraren taruwar jama'a, ya gayyaci mutane su zo yadda suka ga dama, da abin da suke so a gan su da shi. Mai zuwa da kayan gargajiya ya zo, mai zuwa da kwat ko rigar ƙwallo ya zo. Suna tsaye ake wanke farantin. In an gama, sai ya miƙa wa mai fuskar farantin ya tafi da abinsa. Shi abin da yake riƙewa kwafin sikanin ne kawai, da izinin nuna shi, kuma izinin ba ya hana mai fuskar yin abin da ya so da nasa. Shi ya sa ya kira aikin musaya. Daga baya ya haɗa wata manhaja wadda in ka haska wasu hotunan da wayarka, mai hoton zai motsa ya yi maka magana, ko waƙa, ko rawa. Kamannin hoton na 1860 ne, amma mutumin na nan da ransa, yana da waya a aljihu kamar kai.

Kwatanta wannan da abin da muka saba. An yi biki, mai hoto ya ɗauki amarya da ƙawaye, an biya shi. Kwana biyu sai ga hotunan a shafinsa na Instagram da tambarinsa a kusurwa yana tallar aiki, daga nan shafukan gulma su kwashe, baƙi su taru a ƙasa suna yanke hukunci a kan hancin yarinyar da ba ta san an saka ta ba. Nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar mai hoto, kafin ya danna, ina hoton zai kwana? Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya ɗora fuskarki a jikin da ba naki ba, tambayar ta wuce ta kunya kawai. Ba sai da azurfa da eta ake yin yarjejeniya irin ta Wilson ba. Abin da farantin ya yi shi ne ya hana a kauce wa maganar, tunda ba a raba shi biyu.

Inda nake da ja

Ba duk mai zuba kolodiyon ne Wilson ba. Da yawa abin da suke sayarwa shi ne ƙazantar gefen faranti: zirin ruwa, tabo, ƙura. Masu hoton ƙarni na 19 kunyar waɗannan suke ji, suna fafutukar fitar da faranti tas. Sally Mann, wadda ta taimaka ƙwarai wajen dawo da dabarar, ta rungumi irin wannan aibu da dalili. A hotunan mijinta da ciwon tsoka ke cin jikinsa, lalacewar farantin da ta jikin suna tafiya tare. Amma in ka ga an ɗauki lafiyayyen saurayi an cika hoton da tabo don kawai a ce na da ne, wannan filta ce mai tsada, ba wani abu ba. Akwai ma manhajojin waya da ke kwaikwayon tabon kyauta.

Sannan kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada a ɗakin kwanan ɗalibai. Ruwan azurfa in ya fantsama a ido yana iya makantarwa. Wasu masu hoton har yanzu da sayanaid suke kafe faranti, guba ce mai kisa nan take. Eta kuwa tana kama wuta da ƙyas ɗaya, kuma tana tafasa a zafin da bai kai digiri 35 ba. Ka tuna yadda Afrilu yake a Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura 40, ka kuma tuna ƙurar hunturu da za ta manne wa farantin da ke da danƙo. Ba wai ba zai yiwu ba. Ed Drew, wani sojan saman Amurka mai harbi daga jirgi mai saukar ungulu, ya ɗauki abokan aikinsa a kan faranti a lardin Helmand na Afganistan a 2013, a tsakanin fita aiki da fita aiki. Amma wahala ce ta gaske, ga tsadar azurfa.

In dai sha'awar ta kama ka, akwai ƙofofin da suka fi sauƙi. Ɗaya ita ce shuɗin hoto, wanda John Herschel ya gano a 1842: gishirin ƙarfe iri biyu ake haɗawa a shafa a takarda ko ƙyalle, a ɗora nagetif ɗin da aka buga a farar leda mai nuna ciki, a shanya a rana, a wanke da ruwan famfo. Hoton zai fito da shuɗi mai zurfi, ɗan uwan na marinar Ƙofar Mata. Rana kuwa ba ma sayenta.

Ɗayar kuma tambayi dattawan gidanku. Za su ba ka labarin mai hoton bakin kasuwa ko bakin ofis, mai akwatin katako a kan ƙafa uku, wanda ke zura hannu ta wani hannun riga ya wanke hoton fasfo a cikin akwatin kana zaune kana jira. Wannan ba kolodiyon ba ne, takardar hoto ce: ya ɗauke ka ya sami nagetif, ya manna nagetif ɗin a wani ɗan allo a gaban kyamara ya sake ɗauka, sai ga fuskarka daidai. A Afganistan irin wannan akwati ya daɗe yana aiki a tituna har cikin wannan ƙarni, kuma tun 2011 wasu masu bincike biyu, Lukas Birk da Sean Foley, suka bi ragowar masu sana'ar suna tattara tarihinsu, suka kuma wallafa bayanin yadda ake ƙera shi. Akwatin kam kafintan unguwarku zai iya haɗa shi, tsohon gilashin kyamara ma ba zai gagara a wajen 'yan gwangwan ba. Takardar hoto da ruwan wankinta ne za ka sha yawo kafin ka samu, don yawancin situdiyoyin da ke amfani da su sun daɗe da komawa firinta.